Lissafin daliget: ana iya sanin wanda zai ci kafin a shiga filin taron Eagle Square na Abuja?

Bello_Mabera (Litinin, 6 ga Yuni, 2022):
Assalamu alaikum 'yan zaure. Gobe APC za ta fidda ɗan takararta na shugaban ƙasa, kuma kowace jarida da nata jadawalin wanda ke gaba. Ni ina ganin abin bai kai a yi ta ruɗa mutane ba. Kowace ƙaramar hukuma daliget 3 ne, ƙananan hukumomi 774, jimilla 2,322. Arewa maso Yamma na da 558, Kudu maso Yamma 411, Kudu maso Kudu 369, Arewa ta Tsakiya da Abuja 363, Arewa maso Gabas 336, Kudu maso Gabas 285. Mu nan Sakkwato 69 gare mu, Kano 132, Katsina 102, Legas duk girmanta 60. To in an san inda kowane gwamna ya dosa, ai sai a tara kawai. A Amurka kullum kana buɗe talabijin za ka ga an rubuta wane yana da kaza, saura kaza ya kai. Me zai hana mu yi irinsa a nan zauren, mu fidda namu sakamakon tun yau?

DanIllela:
Wa alaikumus salam. Malam Bello, wanga lissahi naka da anka yi shi ga PDP satin da yaw wuce, ina yak kwana? Kowa ya sa Sakkwato ga layin Tambuwal, sai ga mai layin ya hau mumbari yac ce a ba Atiku.

Bello_Mabera:
Ai wannan janyewa ce, DanIllela. Lissafin bai ɓaci ba, wuri kawai ƙuri'un suka canza.

DanIllela:
To mi ab banbancin? In ƙuri'a na iya canza wuri minti goma kahin a hwara jehwawa, jadawalin jiya ba shi da amfani yau.

Malam_Sani_Lissafi:
Bari in sa baki tunda harkar lambobi ce. Alƙaluman Malam Bello daidai suke, na sake tarawa, Arewa duka 1,257, Kudu 1,065. Amma akwai abu guda da ya bari a baya. Dokar zaɓe ba ta ce sai ka samu rabi da ɗoriya ba, cewa ta yi wanda ya fi yawan ƙuri'a shi ne ɗan takara. Ke nan babu wata lamba da za ka ce "saura kaza ya kai" kamar yadda ake yi a Amurka. In mutum biyar masu ƙarfi suka tsaya har ƙarshe, 700 na iya isar mutum. In suka rage biyu, sai ya nemi sama da 1,161. Don haka abin da ya kamata a bibiya shi ne mutum nawa ne za su rage a fili lokacin da za a buɗe akwati, ba daliget nawa kowa ke iƙirari ba. Dubi Atiku ranar 28 ga Mayu: 371 ya samu cikin daliget 767 da aka tantance. Bai kai rabi ba, amma ya ɗauki tuta.

Hajiya_Kulu:
Malam Sani, me ya sa na PDP ba su kai dubu ba? Na tuna a Fatakwal 2018 Atiku shi kaɗai ya haura 1,500.

Barista_Nasiru:
Hajiya, sashe na 84(8) na sabuwar Dokar Zaɓe ne ya jawo. Da majalisa ta rubuta dokar da Buhari ya sa wa hannu ranar 25 ga Fabrairu, sai ta ce zaɓaɓɓun daliget kaɗai ne za su jefa ƙuri'a. Wato shugaban ƙasa, gwamnoni, sanatoci, 'yan majalisa, tsofaffin masu muƙami, duk waɗanda a da suke shiga ta dalilin kujerarsu, an bar su waje. Su da kansu suka rubuta abin da ya fidda su. Da suka farga a watan Mayu suka yi gyara cikin gaggawa suka aika fadar shugaban ƙasa, har yau bai sa hannu ba. Shi ya sa PDP ta tafi da mutum ɗaya daga kowace ƙaramar hukuma, da mai buƙata ta musamman ɗaya daga kowace jiha. A 2018 kuwa daliget sun haura dubu 3: Atiku 1,532, Tambuwal 693, Saraki 317, Kwankwaso 158.

Hajiya_Kulu:
Ikon Allah. Wato sanata zai je Abuja ya zauna kallo, wani bawan Allah daga Gudu ko Tangaza shi ke da ƙuri'a.

Barista_Nasiru:
A takarda haka ne Hajiya. Amma tambayi wanda ya rubuta sunan bawan Allahn nan na Gudu a jerin daliget. Cire masu kujera bai ƙara wa talaka ƙarfi ba, gwamna ya ƙara wa, domin sanata na iya yi wa gwamna gardama, wanda aka ɗauko daga mazaɓa aka sa shi a mota ba zai iya ba.

Aliyu_Ohio:
Yaya Bello, ina gaisuwa. Tunda ka kawo zancen Amurka, bari in faɗi yadda abin yake, don ko a nan lambar da kake gani a talabijin ba ta kai tsabtar da kake zato ba. A 2008, lokacin Obama da Hillary Clinton, in ka duba AP ka duba CNN ka duba NBC rana ɗaya, lamba uku za ka gani. Dalili shi ne daliget iri biyu ne a jam'iyyar Democrat. Akwai waɗanda ake rabawa bisa ƙuri'ar jama'a a kowace jiha, duk wanda ya samu kashi 15 cikin 100 yana da rabo. Sannan akwai manyan jam'iyya kusan 800, gwamnoni da 'yan majalisa da shugabannin jam'iyya, da ake kira sufa daliget, su ba a ɗaure su da kowa ba. Waɗannan sai dai 'yan jarida su yi ta buga musu waya ɗaya bayan ɗaya suna tambaya. Wani ya faɗa, wani ya ƙi, wani ya faɗa ya sake. John Lewis, ɗan majalisa daga Jojiya, da Clinton ya fara, a ƙarshen Fabrairu ya koma wajen Obama. Har layin cin ma matsawa ya yi: da farko 2,025 ake nema, da aka sasanta rikicin Florida da Michigan ranar 31 ga Mayu ya koma 2,118. Obama ya kai ranar 3 ga Yuni, Clinton ta sallama ranar 7.

Bello_Mabera:
To ka gani Aliyu, duk da haka an bi lissafin wata biyar kuma ya fidda gaskiya.

Aliyu_Ohio:
Ya fidda, saboda mafi yawan daliget ɗin an riga an raba su a bainar jama'a, jiha bayan jiha, kuma ɗan takara ne ke tantance mutanen da za su tsaya masa. Abin da ka ci a Janairu yana nan a Yuni. Misalin da ya fi burge ni: ranar 5 ga Fabrairu Clinton ta ci New Jersey mai daliget 107, ta samu 59, Obama 48, ribarta 11. A ranar Obama ya ci Idaho, jihar da daliget 18 kacal gare ta, ya kwashi 15 ya bar mata 3, ribarsa 12. Jaridu suka cika da labarin New Jersey, alhali ƙaramar jihar ta shafe ribar har da ɗoriya. A Nevada ma ita ta fi ƙuri'a, shi ya fi daliget. Mutanen Obama ƙananan jihohin nan suka bi suna tsinta, har tazarar ta kai inda ba ta kamuwa. Irin wannan lissafin yana yiwuwa ne in ƙuri'a na taruwa a hankali. Namu dare ɗaya ne.

Zarah_UDUS:
Ni dai ina gida wata na huɗu ke nan saboda yajin aikin ASUU, ina kallon mutane na sayen fom naira miliyan 100. Ku ci gaba da lissafi.

DanIllela:
Allah shi kawo ƙarshen yajin ƙanwata. Amma tsaya ki ji, wanda za su hiddo shi ka zuwa zama da ASUU ɗin in ya ci.

Baba_Gwadabawa:
Ɗiyana, ku bari in hwaɗa muku abin da nig gani da idona. Na taɓa zama daliget shekarun baya, ba ni hwaɗin jam'iyya ko shekara. Bayan sallar asuba anka kwashe mu cikin bas. Ba a sauke mu cikin garin da za a yi taro ba, sai wani otal can bakin gari. Bakin ƙohwa wani yaro yat tsaya da jakar leda, kowa shi miƙa wayarshi, a liƙa mata takarda da sunanka. Da dare 'yan takara sunka dinga zakkuwa gaisuwa, wanga shi hita wancan shi shigo. Kowane munka tashi tsaye munka ce mai "sai kai". Kowane kuwa yah hita yac ce ma mutanenshi jiharmu tashi ta. To ku lissahta, jiha guda ta shiga jadawalin mutum nawa a wannan dare? Mu kanmu ba mu san wa za mu yi ba. Sai da munka shiga layi, akwati na gabanmu, jagoranmu yab biyo mu ɗaya ɗaya shina raɗa suna ga kunne. Kuma sunan rubutawa akai da hannu, wanda bai iya boko ba sai a ba shi mai rubuta mai, ka ga ko asirin ƙuri'ar bai cika ba. Shi jagoran ma, daga baya yac ce min waya ta ishe shi muna cikin hili. In ɗan jarida ya tambaye ni da la'asar, da rantsuwa zan ba shi sunan da ba shi na rubuta ba, kuma ban yi ƙarya ba.

Hajiya_Kulu:
Allah ya ƙara lafiya Baba. Wayar fa, an mayar muku?

Baba_Gwadabawa:
An maido Hajiya, muna kan hanyar gida, bayan an gama komi.

Malam_Sani_Lissafi:
Bayanin Baba ya warware dalilin da ya sa in ka tara iƙirarin sansanonin 'yan takara sai ka samu adadin da ya ninka 2,322. Ba dole ne wani ya yi ƙarya ba. Kowa an ce masa "sai kai".

Bello_Mabera:
Ranka ya daɗe Baba, na ji. Amma maganarka ai ta ƙarfafa tawa ce. In jagora ne ke raɗa suna, to a ƙirga jagorori. APC na da gwamnoni 22. Ranar Asabar gwamnonin Arewa sun fito sun ce mulki ya koma Kudu. Ka cire su ka gani, saura a san wa za su bi a Kudun.

Abu_Yabo:
Jama'a ku duba labarai yanzu. Shugaban APC Abdullahi Adamu ya shaida wa kwamitin gudanarwa na jam'iyya cewa Ahmad Lawan ne ɗan takarar maslaha. Malam Bello, a wane layi za ka sa wannan?

Bello_Mabera:
Yobe, jihar Lawan, 51 ce. Shugaban jam'iyya ba shi da daliget.

Abu_Yabo:
Shi ba shi da su, amma in da yawun Buhari ya yi magana fa? Ka manta ranar 31 ga Mayu shugaban ƙasa ya roƙi gwamnoni su bar shi ya zaɓi magajinsa kamar yadda su ma suke zaɓen nasu?

Barista_Nasiru:
Maslaha ba a baki take ba yanzu. Dokar ta ce sai kowane ɗan takara da aka tantance ya rubuta da hannunsa cewa ya janye kuma ya amince da wanda aka tsayar. Mutum ɗaya ya ƙi, sai zaɓe. Tinubu da ya je Abekuta ranar Alhamis ya ce layinsa ne ya zo, kuna ganin zai sa hannu a wannan takarda? Ga shi gwamnonin Arewa sun fito daga fadar shugaban ƙasa suna nan kan bakansu, fadar kuma ta ce Buhari bai tsayar da kowa ba.

Uwar_Safiya:
Ni abin da ban gane ba, Sakkwato ba gwamnan APC, to 69 ɗinmu wa ke raɗa musu?

DanIllela:
Hajiya, wagga tambaya ko yaron da ka tallar goro Gawon Nama na ba ki amsa.

Uwar_Safiya:
Na san Sanata Wamakko ne jagoran jam'iyya a jiha. Tambayata ita ce, a jihohi 14 da ba su da gwamna, inda wani wuri minista ke ja, sanata ke ja, ɗan takarar gwamna ke ja, ta yaya Malam Bello zai sa jiha duka a layi ɗaya? Ribas ma ai APC ɗin gida biyu ce.

Malam_Sani_Lissafi:
Tambaya mai kyau. A nan ne jadawalin jaridu ya fi rauni, suna zana jiha da launi ɗaya kamar taswirar makaranta.

Abu_Yabo:
Ku bar ni in koma kan PDP, don har yanzu abin na cina. Atiku 371, Wike 237, tazara 134. Mutum 68 kacal suka juya, da Wike ne ɗan takara. Kuma wannan Wiken shi ya tsaya wa gwamnanmu Tambuwal a Fatakwal 2018. Ni ban ga adalci ba a ce mutum ya gama jawabinsa ya sauka, sannan a sake ba shi makirfo ya dawo ya janye, ba a ba sauran damar cewa komai ba.

Malam_Sani_Lissafi:
Abu, 68 ɗin daidai ne in daga Atiku za su koma Wike kai tsaye. Amma da Tambuwal bai janye ba, mutanensa shi za su zaɓa, ba Wike ba. Ke nan sai ya zare wa Atiku 135 kafin Wike ya hau. Sakkwato 23 ce da ɗaya na masu buƙata ta musamman. Saura 111 daga ina? Yana iya samu, don Arewa maso Yamma na da ƙananan hukumomi 186 kuma yana da mutane a wasu jihohin, amma ba wanda ya ƙirga su, kuma ba za a taɓa ƙirgawa ba tunda ba a jefa su da sunansa ba.

Abu_Yabo:
In ba su da yawa me ya sa shugaban PDP Ayu ya je har gida yana kiransa gwarzon taro?

DanIllela:
Gwamna ya yi abin da yay yi don Arewa. Ku 'yan Wike na Yabo sai ku yi haƙuri.

Abu_Yabo:
Ni ba ɗan kowa ba ne, kuma ka iya bakinka.

Admin_Mustapha:
Abu, DanIllela, don Allah. Maganar lissafi ake, ba a buɗe zauren nan don a raba wa mutane iyayen gida ba. Wanda ya sake zan cire saƙonsa.

Baba_Gwadabawa:
Yara, janyewa ba yau anka hwara ta ba. Disamba 1978 da NPN taz zauna Legas, Alhaji Shehu Shagari, Allah shi jiƙanshi, shi yaz zo na ɗaya zagayen hwarko, Maitama Sule na bi mai, ga Adamu Ciroma, ga Saraki uban wanga, ga Tarka. Bai kai adadin da aka so ba, da sai an koma zagaye na biyu, sai sauran sunka bar mai. Jos 1993 kuwa Atikun ga da kanshi shi yaj janye ma Abiola, sannan Abiola yak kada Kingibe da ƙyar. Wanda anka janye ma yau, jiya shi yaj janye ma wani.

Aliyu_Ohio:
Baba ya tuna min, a nan ma an taɓa shiga babban taro ba a san mai ci ba. 1976 a Kansas City, shugaba Ford 1,187, Reagan 1,070, kuma har ranar ana zawarcin daliget ɗin da ba su ɗaure da kowa ba. Su Republican kuma tsarinsu daban ne, wasu jihohi wanda ya zo na ɗaya ke kwashe duka. A 2016 nan Ohio Kasich ya kwashi 66 gaba ɗaya, Trump ya kwashi 99 na Florida a rana ɗaya. Su Democrat bayan rigimar Sanders da Clinton, a 2018 suka hana sufa daliget jefa ƙuri'a a zagayen farko in takara ta yi zafi. Kusan abin da 84(8) ta yi mana ke nan, sai dai su da gangan suka yi.

Zarah_UDUS:
To me zai hana a bar duk mai katin jam'iyya ya zaɓa? Mutum 2,322 su yanke wa ƙasa mai mutum sama da miliyan 200, kuma ana ta zancen dala har EFCC ta je filin taron PDP.

Barista_Nasiru:
Majalisa ta so ta wajabta 'yar tinƙe, Buhari ya mayar da ƙudirin a Disamba 2021, ya kawo dalilin kuɗi da tsaro da 'yancin jam'iyyu. Amma kada ki ɗauka ita ce magani. A 2018 APC ta yi 'yar tinƙe, Buhari shi kaɗai ke takara, aka sanar da ƙuri'a sama da miliyan 14. Wa ke riƙe da rajistar 'yan jam'iyya? Wanda ke riƙe da jerin daliget.

Zarah_UDUS:
Duk da haka Barista, ba a iya kulle mutum miliyan ɗaya a otal a karɓe musu waya.

Abu_Yabo (Talata, 7 ga Yuni, da dare):
Wa ke kallo? Akpabio ya janye wa Tinubu.

Hajiya_Kulu:
Mu an ɗauke wuta a Arkilla, rediyo nake saurare. Ku riƙa rubutowa.

Abu_Yabo:
Amosun ma. Fayemi ma. Dimeji Bankole, Badaru na Jigawa, Boroffice, da matar nan Uju. Bakwai ke nan. Osinbajo mutum ɗaya ya janye masa, Nicholas Felix. Amaechi, Lawan, Yahaya Bello, Umahi, Ayade duk suna nan.

Bello_Mabera:
To ga lissafi ya fara fitowa. Jigawa 81, Ekiti 48, Akwa Ibom 93 in Akpabio na riƙe da su, ga Legas 60, ga Kano 132 da Ganduje bai ɓoye inda yake ba. Kafin a taɓa sauran ya haura 400.

Uwar_Safiya:
Ogun fa? Amosun ya janye amma ba shi ne gwamna ba, kuma Osinbajo ɗan jihar ne.

Bello_Mabera:
Shi ya sa ban sa ta ba Hajiya.

DanIllela:
Yanzu da kowa yag gani ka ce lissahi ya hito. Jiya da sahe mi ya hana ka hwaɗi?

Malam_Sani_Lissafi (Laraba, 8 ga Yuni):
An gama ƙirga. Tinubu 1,271, Amaechi 316, Osinbajo 235, Lawan 152, Yahaya Bello 47, Umahi 38, Ayade 37, Yariman Bakura 4. Okorocha da Fasto Bakare ba ko ɗaya. In ka haɗa Amaechi da Osinbajo da Lawan 703 ne, ko sun dunƙule ba su kamo shi ba. Takarar da muka kwana biyu muna cewa ta yi kankankan, ashe ba ta yi ba. Amma ku dubi ƙasan jerin, can ne abin sha'awa yake. Ebonyi daliget 39 gare ta, Umahi ya samu 38. Kogi 63, gwamnanta ya samu 47. Kuros Riba 54, Ayade 37. Ba mu san wa ya zaɓi wa ba, amma ko da a ce duk abin da suka samu daga gida ne, gwamna mai ci yana takara da kansa, ga aƙalla 16 sun zame a Kogi, 17 a Kuros Riba.

Bello_Mabera:
Ni kuma saman jerin nake kallo. Na ce a ƙirga gwamnoni, gwamnonin Arewa suka tsaya wuri ɗaya, sakamako ya bi su. Kudu maso Yamma duka 411 ce, ko ya cinye ta bai kai 1,271 ba sai da Arewa. A PDP ma haka: Bauchi ƙananan hukumomi 20, gwamnanta Bala Mohammed ya samu 20. Wane jadawali ne ya fi wannan fitowa daidai?

Uwar_Safiya:
Saraki fa? Kwara 16 ce, ba shi da gwamna ko ɗaya a bayansa da na sani, ya samu 70. Amaechi ba gwamna ba ne, ya ajiye minista, ya zo na biyu ya wuce mataimakin shugaban ƙasa. Wane gwamna ka ƙirga ya ba ka 316?

Barista_Nasiru:
Kuma Malam Bello, sanarwar gwamnonin cewa ta yi Kudu, ba ta ambaci suna ba. Har jiya da rana sunaye biyar ake cewa sun kai wa shugaban ƙasa. Tsakanin "Kudu" da "Tinubu" akwai zaman da ba a yi da 'yan jarida ba.

Aliyu_Ohio:
Da za a rarraba zaɓen shiyya shiyya, a yi Arewa maso Yamma wannan mako a sanar, a yi Kudu maso Gabas mako mai zuwa a sanar, kuma ƙuri'ar da aka jefa ta zauna ko mai ita ya janye, da jadawalin Yaya Bello ya samu abin tarawa.

Baba_Gwadabawa:
Ɗana Aliyu, da an yi hakanga, otal shida za a kama maimakon guda.

Hajiya_Kulu:
Baba ka kashe ni da dariya. Ni yanzu abin da nake jira shi ne mataimaki. Atiku zai ɗauki Wike ya lallashe shi ko kuwa? Shi kuma Tinubu Musulmi zai ɗauko daga Arewa ko Kirista?

Admin_Mustapha:
Hajiya, wannan a buɗe masa nasa zaren, don na san inda zai kai mu.

DanIllela:
Kahin a buɗe, Malam Bello, 69 ɗinmu na Sakkwato, wane layi ka sa su daga ƙarshe?

Bello_Mabera:
Suna hanya, gobe in Allah ya kai mu akwai wanda zan tambaya a Mabera.

Zarah_UDUS:
In ya ce maka "sai kai" ka gaishe shi.

Malam_Sani_Lissafi:
Malam Bello, in ka same shi ka tambaye shi ƙarfe nawa aka faɗa musu sunan, kafin Badaru ya hau mumbari ko bayan ya sauka. Ita nake son sani.